In za ku hau Gangirwal a ƙungiyance, ku fara kwana a Shere tukuna

Jama'a tunda hunturu ya kunno kai aka fara maganar hawan dutse a guruf ɗinmu, kowa bakinsa Gangirwal, wato Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can Taraba cikin gandun dajin Gashaka Gumti dab da iyakar Kamaru. To madalla, amma ni dai shawarata kar wanda ya shiga mota sai an yi gwaji a nan gida.

Ga dutsen Shere nan a bayan garin Jos, ƙololuwarsa mita 1,829. Ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku kwashi kayan da za ku tafi da su ɗin nan, duka fa ba rabi ba, ku hau ran Asabar ku kwana ku sauko Lahadi. A nan ake gane wa ke ɓoye ciwon gwiwa, tantin wa ya yage, wa ya cika jaka da kaya kala biyar kamar mai zuwa biki. Mu a namu gwajin wani bawan Allah ya zo da sabon takalmi fil a leda, wallahi kafin azahar dugadugansa duk sun yi bororo sai da muka raba kayansa tsakaninmu, ka ga da a Gashaka ne ya za mu yi da shi? Takalmin da ƙafa ta saba da shi za ka sa, in ma gwanjo ka sayo a kasuwar Katako to ka taka shi sati biyu tukuna.

Kuma kar ka ce ai ni ɗan Jos ne na saba da sanyi. Jos wajen mita 1,200 take, duk mita 1,000 da ka ƙara hawa kuma zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska. Riguna marasa nauyi biyu ko uku ɗaya kan ɗaya sun fi jibgegiyar rigar sanyi guda, kana tafiya kana ragewa. Kar ka kwana da rigar da ka yi gumi a ciki, kuma ka shimfiɗa wani abu mai kauri a ƙasa don ƙasar ce ke zuƙe ɗumin jiki, bargo kaɗai ba ya isa.

Abinci ba dogon lissafi, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, taliya, kayan shayi. Ruwan rafi kuwa a tafasa ko da ya yi garau.

Wajen tafiya a sa wanda ya fi kowa sanyin jiki kusa da gaba, ƙaƙƙarfa ɗaya a can baya da magunguna da filasta, duk inda aka huta a ƙirga kawuna. Masu ɗokin riga kowa isa su yi haƙuri. A tashi da sassafe bayan asuba, a kafa tanti kafin la'asar sakaliya, ɗaura tanti da tocila a baki ba daɗi. Salla dai matafiya ne ku, akwai ƙasaru. Wuta kuma a kashe ta da ruwa murus, ciyawar rani ba ta da wasa.

Lokacin zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, da damina hanya ta yi santsi rafuka sun cika. Ku biya ofishin gandun a Serti ku karɓi izini da jagora, ku riƙe kuɗi a hannu don can sama ba maganar tiransifa, sabis ma ɗaukewa yake. Kafin ya ɗauke ku kira gida ku faɗi ranar da za ku sauko, ku ƙara kwana ɗaya a kai saboda hanya.