Kurakuran masu fama da ɗaurewar agara da sakin ƙafa

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne barin ƙafa ta kwana a sake. Idan tsokar gaban ƙwauri ta kasa ɗaga tafin ƙafa, wato sakin ƙafa, agara ce kaɗai ke ja, babu mai ja da ita. Mutum ya kwanta awa 7 ko 8, bargo ya danne yatsu ƙasa, kullum haka. Cikin 'yan watanni agara ta gajarce, dunduniya ta daina taɓa ƙasa, ko jijiyar da ke motsa tsokar ta farfaɗo ƙafar ta riga ta ƙage. Takalmin roba na asibiti mai riƙe ƙafa a digiri 90 shi ne maganinsa, amma wai kunya ke hana mutane sa shi. Kunyar me? Gara takalmin da tiyata. Da dare a tokare tafin ƙafa da filo mai tauri.

Sai masu miƙa agara da fizga. Fizga na sa tsoka ta ƙara ɗaurewa ne. Fuskanci bango, ƙafar ciwon a baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, ka karkata gaba daƙiƙa 30, sau 3. Sannan ka ɗan lanƙwasa gwiwa ka maimaita, domin tsoka biyu ce ke haɗuwa a agara, ta cikin ba ta miƙuwa sosai sai gwiwa na lanƙwashe. Na fi son a yi shi bayan tafiyar minti 5, jiki da ɗumi. Ja za ka ji a sharaɓa. In suka ka ji, tsaya.

A daina harɗe ƙafa da dogon tsuguno. Jijiyar da ke ɗaga ƙafa tana bi ta gefen gwiwa na waje, kan ƙashi, dab da fata. Kana danne ta kana neman sauƙi? Tohonta ma kusan milimita 1 ne a rana.

Silifas mara madauri tuntuɓe ne. Gasa ƙafar da ba ta ji da ruwan zafi ƙuna ne, musamman ga mai ciwon suga. Shan maganin ciwo diclofenac kullum na taɓa ciki da ƙoda. Allurar cortisone (maganin kumburi) a cikin agara, da kuma shan ciprofloxacin (maganin ƙwayoyin cuta), na iya sa ta tsinke. Gaya wa likita halin ƙafarka.

Idan ƙafa ta saki farat ɗaya, da karkacewar baki, ko ciwon baya da kasa riƙe fitsari, asibiti za a nufa nan take.