Kurakuran da ake tafkawa wajen auna sababbin ƴan golf mata a LPGA

Duk farkon kakar LPGA, wato babban jerin gasannin golf na ƙwararrun mata da ke da cibiya a Amurka, sai ka ga an fara cika baki kan sababbin ƴan wasa, wance ce za ta gaji wance, wance kuma ba za ta kai labari ba, alhali ko gasa biyar ba a buga ba. Yawanci hasashen nan baya zuwa ko ina, kuma kurakuran kusan iri ɗaya ne kullum.

Babban cikinsu dai shine a tara duk sababbi a kwando ɗaya. A LPGA duk wadda ke shekararta ta farko da katin zama mamba sabuwa ce, ko daga ina ta fito. To amma Park Sung-hyun da ta shigo a 2017 ta riga ta ci kofuna goma a gasar Koriya ta Kudu kafin ta tsallako Amurka, shi yasa da ta ɗauki US Women's Open a shekarar waɗanda suka santa basu wani sha mamaki ba. Haka Ko Jin-young a 2018, gasarta ta farko a matsayin mamba a Ostireliya ta lashe, ita ma Miyu Yamashita da ta ci AIG Women's Open a 2025 ta jima tana sharafinta a Japan. Ka ɗauki irin waɗannan ka jera su da yarinyar da jiya jiya ta baro jami'a ko ta hauro daga Epson Tour, ƙaramin rukunin da ke ƙasa da LPGA, ai ba adalci. Gyaran mai sauƙi ne, kafin ka duba makinta tambayi inda ta fito da shekara nawa ta yi tana buga wasan kuɗi.

Sai rudin kofi ɗaya. Rose Zhang ta ci Mizuho Americas Open a watan Yuni 2023, wasanta na farko a matsayin ƙwararriya, abin da ba a gani ba tun Beverly Hanson a 1951, duniya ta ɗauka, amma da aka zo ƙarshen kaka Ryu Hae-ran ce ta karɓi kyautar gwarzuwar sababbi. Patty Tavatanakit ta ci ANA Inspiration a 2021 sannan bata sake cin kofin LPGA ba sai Fabrairun 2024 a Tailan. Ba wai basu iya ba ne, a'a, golf ne haka, mako ɗaya hannunka ya yi zafi duk ƙwallon da ka gangara ta faɗa rami, mako na gaba ta riƙa lasar bakin ramin tana wucewa. Maimakon kofi, ƙirga sau nawa ta tsallake tankaɗen da ake yi bayan zagaye biyu inda ake sallamar na ƙasa, da sau nawa ta ƙare cikin ashirin na sama.

Akwai kuma kishiyar wannan, wanda ni yafi bani haushi, wato saurin yanke ƙauna. Annika Sörenstam bata ci kofi ko ɗaya ba a LPGA a 1994, sai 1995 ta buɗe da US Women's Open, ƙarshe ta tara 72. Nelly Korda ta shigo a 2017, sai Oktoban 2018 ta ga kofinta na farko a Taiwan. Mao Saigo ma haka, 2024 babu kofi, Afrilun 2025 sai ga Chevron Championship a hannunta. Matsalar ita ce mutane na auna kowa da Nancy Lopez mai kofi tara a 1978 ko Se Ri Pak da ta ci manyan gasa biyu a 1998, su kuwa irinsu ba kullum ake haifa ba.

Wajen alƙaluma kuma nisan bugun farko ne ke ɗauke hankali saboda yana da daɗin kallo. Yana da amfani, ba musu, amma abin da ya fi nuna mai ɗorewa shine bugun da ke kai ƙwallo dandalin rami, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ke kewaye da ramin, sau nawa take isa can cikin adadin bugun da ake tsammani kuma yaya kusancinta da tutar da ke cikin ramin. Gangara ƙwallo cikin rami yana hawa yana sauka daga mako zuwa mako, kada ka gina hukunci a kansa da gasa uku kacal.

Wani abu da ba a cika lura dashi ba shine ba kowace sabuwa ke samun shiga duk gasa ba. Akwai jerin fifiko, wadda ta ƙare a ƙasa ƙasa a Q-Series, gasar neman katin shiga LPGA, sai ta zauna jiran gurbi, gasannin Asiya na farkon shekara kuma masu taƙaitaccen adadi ne, galibi basa kaiwa kanta. Don haka kuɗin da ta tara ko jimillar makinta zai iya yin kaɗan kawai don bata buga da yawa ba, gara ka duba matsakaicin bugunta a kowane zagaye. Ga shi duk filayen baƙi ne a wajenta, irin ciyawar Florida daban ta gabar tekun Sikotland daban, ga kuɗin jirgi da otal da mai ɗaukar jaka duk daga aljihunta, in ta faɗi tankaɗe a yawancin gasa ko sisi babu. In kana son ganin ainihin ta, kwatanta rabin kaka na biyu da na farko, sannan ka jira ta dawo waɗannan filayen karo na biyu a shekara mai zuwa.