Mai Ciki a Ƙasar Sanyi, Kada Ki Jira Ƙishirwa

'Yar'uwa, idan kin sauka a Ingila ko Jamus ko Kanada da juna biyu, ki sani ƙishirwa ta daina gaya miki gaskiya. Sanyi yana danne ta. Sai ki yini a ɗaki, hita tana aiki, iska a bushe tana zuƙe ruwan jikinki ta numfashi da fata, ke kuwa ko kofi biyu ba ki sha ba don ba ki yi gumi ba.

Alhali yanzu ne jikin ya fi buƙata. Kafin ki haihu jininki zai ƙaru da kusan rabin yadda yake, ruwan da jariri ke kwance a ciki kuma yakan kai wajen mililita 800 a mako na 34 zuwa 36. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta wa mai ciki lita 2.3 a rana, haɗe da ruwan da ke cikin abinci. Likitocin mata a Amurka kuwa kofi 8 zuwa 12 suke cewa. Ni dai ban cika son ƙirga kofi ba, mutum mantawa yake yi. Ki duba fitsarinki. Idan fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, kina kan hanya. Idan ya yi duhu ga wari, ki ƙara sha. Sai dai wasu ƙwayoyin bitamin na masu ciki sukan sa shi ya yi rawaya shar, wannan kada ya tsorata ki.

Ruwan famfo a waɗannan ƙasashe na sha ne. Farin abin da za ki gani ya daskare a gindin butar lantarki ma'adinin ruwan ne kawai, ba datti ba, don haka babu dalilin ɗaukar katan-katan na ruwan roba da tsohon ciki. Ki sami gora guda ki riƙa cikawa, tana kusa da ke duk inda kike. Idan mai sanyi ba ya shiga, ki ɗumama shi. Shayi da gahawa ma ruwa ne, amma kafeyin ɗin cikinsu kada ya wuce miligiram 200 a rana, wato kamar kofi biyu na gahawa.

Kuskuren da na fi gani guda biyu ne. Wata ta rage sha saboda yawan tashi fitsari da dare, wata kuma saboda ƙafa ta kumbura. Ta farko gara ta mayar da yawancin shanta safe da rana. Ta biyu kuwa, rage ruwa ba ya sauke kumburi, sai dai ya jawo taurin bayan gida, musamman ga mai shan maganin ƙarin jini, da ciwon mafitsara, da ɗaurewar mara mai kama da naƙuda.

Idan laulayi ya matsa, kurɓi kaɗan-kaɗan ya fi kwankwaɗa lokaci guda. Amma idan kika kwana kika yini komai kika sha sai ya dawo, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri yana ɗibar ki, wannan ya wuce haƙuri. Ki kira lambar sashen masu haihuwa da aka ba ki ranar awon farko, dare ko rana, kuma ki nemi tafinta idan harshe ya gagara. Haka nan idan fuska da hannaye suka kumbura farat ɗaya bayan mako na 20, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi: alamar hawan jinin ciki ke nan, wanda kan kai ga jijjiga. Ƙishirwar da ba ta yankewa komai yawan shanki, ita ma ki faɗa wa ungozoma, don a gwada miki suga ba sai an jira mako na 24 zuwa 28 da aka saba yi ba.