In likita ya ce ɗanki na da fibrous dysplasia a ƙashin ido, ga yadda za ki bi da abin

Toh da farko dai ki kwantar da hankalinki, ba ciwon daji ba ne kuma ba gadonsa ake ba, wani ɗan canji ne ke faruwa a ƙwayar halitta mai suna GNAS tun yaro yana ciki, sai ƙashin wurin ya ƙi yin ƙwari yadda ya kamata, ya dinga kauri a hankali. Shi ya sa za ki ga gira ɗaya ta ɗaga, ko ido ɗaya ya turo waje, galibi ma babu zafi.

Don Allah kar a kai shi wurin wanzami wai a yi sakiya, ƙashi ne ba ƙurji ba, babu abin da zai fito.

A yi hoton CT, wato hoton na'ura da ke nuna ƙashin dalla-dalla, ki adana shi kamar takardar gida don da shi za a dinga gwada na gaba. Sannan ki riƙa kai shi gun likitan ido ko sau 1 ne a shekara, a auna ganinsa da yadda yake bambance kala da ganin gefe. A gida ma kina iyawa, ki rufe mai ido ɗaya da tafin hannunki ki nuna mai jan murfin kwalba, sai ki sauya ɗayan, in ya ce jan ya koɗe a ido ɗaya toh kar ki jira ranar da aka ba ku.

Inda mutane ke rikicewa shi ne maganar tiyata. Ko hoto ya nuna ƙashin ya zagaye jijiyar gani, muddin yaro yana gani lafiya likitoci ba sa son taɓawa, don aikin kansa yana iya jawo makanta. Gyaran fuska kuwa an fi so a bari ya gama girma, in aka kankare da wuri yakan dawo. Gashi da na'ura irin na masu ciwon daji kam ba a yi sam, shi ne ma ke iya mayar da abin daji.

Ki duba jikinsa ko akwai tabo kalar shayi da madara, in mace ce kuma ta fara al'ada tun tana ƙarama sosai ki faɗa wa likita, yana iya zama McCune-Albright, wato ciwon da ke haɗa wannan matsalar ƙashin da tabon fata da rikicewar sinadaran jiki (hormones), sai an yi gwajin jini.

Kumburin da ya tashi cikin kwana kaɗan, ko sabon ciwon kai mai tsanani, ko ya ce yana ganin abu biyu-biyu ko dishi-dishi, wannan ko tsakar dare ne ku kama hanyar asibiti.