Gashin tukwane da gishiri: yadda nake rage mugun hayaƙinsa

Farin hayaƙin nan da ke tashi idan an watsa gishiri a tanderu ba tururin banza ba ne. Da zafi ya haura digiri 1200, gishiri yakan rabu biyu: sodiyam da kulorin. Sodiyam ya haɗu da silika, wato sinadarin yashi da ke jikin yumɓu, ya fito da ƙyallin nan mai kaushi-kaushi a jikin tukwane kamar ɓawon lemo. Kulorin kuma ya haɗu da tururin ruwa ya zama asid, shi ne ke sa tari da yajin ido, ya kuma cinye kwanon rufi da tsatsa. Jamusawa ne suka fara wannan gashi, amma su ba a tsakiyar unguwa irin Rigasa ta Kaduna suke yi ba.

Babban magani shi ne rage gishirin kansa. Ni nakan shafe cikin tukwane da ruwan ƙyalli, wato haɗin da ke zama ƙyalli in an gasa, tun kafin lodi, tunda dama tururin gishiri ba ya shiga ciki sosai. Sai in jera 'yan zobban yumɓu kusa da ƙofar leƙe. In zuba gishiri kaɗan, in ja marufin bututun hayaƙi na 'yan mintuna don tururin ya zauna a kan kaya maimakon ya tsere sama, sannan in zaro zobe ɗaya da sandar ƙarfe in duba. Da ƙyalli ya yi, na tsaya. Tsohon tanderu ma bangonsa ya riga ya sha gishiri, kaɗan ke isarsa.

In da hali, koma wa soda ash, wadda masu haɗa sabulun ruwa ke saya a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna. Ba ta da kulorin. Ka narkar da ita a ruwan zafi ka fesa ta ƙofar wuta. A kula, ban ce kostik soda ba. Kanwa ma danginta ce, sai dai tana zuwa da gishiri da ƙasa. Gaskiya soda ba ta bazuwa kamar gishiri, gefe guda yakan fi samu, amma ni wannan rashin daidaiton yana burge ni.

Ka ɗaga bututun hayaƙi ya wuce rufin maƙwabta, ka duba inda iska ta nufa. Kada ka zuba gishiri da asuba ko da magariba a hunturu, lokacin da hayaƙi ke kwanciya ƙasa. Takunkumin ƙyalle ba ya tare asid, nemi mai gwangwanin tace iskar asid, ka sa tabarau, yara kuma su yi nisa.