Kafin ka sayi BD na Amurka, duba sunan mai shi

Littattafan labarin zane, wato BD, na Amurka da ke iso mu a Garwa, Marwa ko Njamena, galibi a fassarar Faransanci, iri biyu ne ko da bangonsu ya yi kama. Akwai mallakar kamfani, akwai mallakar wanda ya rubuta ya zana. Wanda bai san bambancin ba yakan zuba kuɗinsa ya koma gida da tsakiyar labari, ba kai ba gindi.

Gane su ba ya cin minti ɗaya. Buɗe shafin da ke da ƙananan rubutu, a farkon littafi ko a ƙarshensa, ka nemi alamar ©. Idan Marvel ko DC ne a gabanta, na kamfani ne. Idan sunan mutum ne ko sunan ɗan kamfaninsa, na mai ƙirƙira ne. Kada tambarin bango ya ruɗe ka, domin na masu bugun Faransanci ne. Panini ke fitar da Marvel, Urban Comics ke fitar da DC tun 2012, amma Urban ɗin nan ita ce kuma ke buga Saga, wanda ba na DC ba ne.

Jarumin kamfani jari ne, kuma ba a rufe shagon da ke kawo riba. Mutum biyu da suka ƙirƙiro Superman sun sayar da shi a 1938 kan dala 130 na Amurka, tun daga nan marubuta ke karɓa-karɓa a kansa. Kowa a ɗauke shi aiki, ya yi 'yan shekarunsa, a kawo wani. Shi ya sa labarin ba ya ƙarewa, mutuwa ma ba ta kama jarumi. An kashe Superman a 1992, kafin 1993 ta fita ya dawo. Don haka kada ka ce sai ka fara daga farko. Farkon ya haura shekara tamanin, kuma ba kowa zai iya bin sa ba.

Dabarar ita ce ka bi marubuci, ba jarumi ba. Zaɓi zangon marubuci ɗaya, ka sayi kundayen da sunansa ke kai, ka tsaya inda ya tsaya. A bayan bango ko a shafin ƙananan rubutu ana jera lambobin fitowar mujalla da aka tara a kundin, yawanci 5 ko 6, kowacce mai shafi 20 da 'yan kai. Idan lambobin suna bin juna, lafiya. Idan sun yi tsalle, ko ka ga an cuɗa sunayen mujallu uku, to an shiga irin babban rikicin nan da kamfani ke haɗa jarumansa duka, ya warwatsa labarin cikin mujallu da dama don a saye su gaba ɗaya. Mai ƙaramin aljihu ya bar irin wannan. "Tome 1", wato kundi na 1, ma ba shaida ba ce. A 2011 DC ta mayar da mujallu 52 zuwa lamba 1 a wata guda, Marvel kuwa ta mayar da sake lamba al'ada, har za ka tarar da "Tome 1" da yawa na jarumi ɗaya, kuma babu wanda ya ci gaba daga wani.

Ɗaya ɓangaren, na mai ƙirƙira, ya fi sauƙin shiga. A 1992 masu zane bakwai, ciki har da Todd McFarlane da Jim Lee, suka bar Marvel suka kafa Image Comics bisa sharaɗin cewa aikin kowa nasa ne, kamfani bugawa kawai yake yi ya cire kasonsa. Ga mai karatu, wannan na nufin kundi na 1 shi ne farkon gaske, na 2 na bin sa, ba ka bukatar komai daga waje. Wanda ya mutu ya mutu, tunda babu wani ofishi da zai ce a tashe shi. Kuma labarin yana iya ƙarewa. The Walking Dead na Robert Kirkman ya fara a 2003, ya rufe a 2019 a fitowa ta 193. Wanda ya saba da BD irin na Faransa da Beljiyam zai fi jin kansa a gida a nan.

Sai dai lissafin kuɗi ya bambanta. A wurin jarumin kamfani, kundi biyu ko uku na iya wadatar da kai. A nan kuwa ba a tsallake ko ɗaya, kuma The Walking Dead ya haura kundi 30. Idan kowanne Yuro 15 ne, a canjin sefa 656, kusan sefa 10,000 ke nan, jimla ta haura 300,000 kafin kuɗin kawowa. Tambayi adadin kundaye tun kafin ka sayi na farko. Abokai huɗu ko biyar na iya raba sayen su riƙa musaya, amma a rubuta wanda ke riƙe da kowane kundi, don ɓatan na 7 kaɗai ya isa ya tsayar da kowa.

Matsala ta biyu ita ce jira. Babu wanda zai maye gurbin mai aikin idan ya gaji, ko ya yi rashin lafiya, ko ciniki ya ƙi. Saga ya tsaya a fitowa ta 54 a 2018, bai dawo ba sai Janairun 2022, wasu kuwa sun tsaya ke nan har yau. A ganinmu, mai farawa ya ɗauki wanda aka riga aka kammala.

Iyaye su kula da wannan. Tunda babu kamfanin da ke tsoron ɓacin sunan jaruminsa, mai ƙirƙira yana zana abin da ya ga dama. Saga na da tsiraici ƙarara. Invincible, wanda bangonsa mai launuka masu haske ne kamar na yara, jini ne male-male a ciki. Bugun Turanci na Image na ɗauke da harafi kusa da lambar farashi, T na matasa, M na manya, amma ba lallai ka same shi a bugun Faransanci ba. Buɗe shafuka goma daga tsakiya ka gani da idonka kafin ka miƙa wa yaro.

Kafin saye, leƙa ɗakin karatu na Alliance française a Garwa ko na Institut français a Njamena ka duba sashen BD, ko ba komai ka san irin zanen da idonka ke so. In kuma saƙo za ka ba mai zuwa Yawunde, Duwala ko Faris, kada ka faɗa masa suna kawai, don labari ɗaya na fitowa a ƙaramin kundi, da babba mai haɗa da yawa, da bugun araha, kowanne da tasa lambar. Tura masa hoton bango ta WhatsApp tare da lambar ISBN mai alƙaluma 13 da ke bayan bango. Idan littafin ya iso, kada a bar shi a mota ko kusa da kwanon rufi a watan Afrilu. Kundaye masu laushin bango da gam ake haɗa su, zafi na sa gam ɗin ya saki, shafuka su fara zubowa daga tsakiya.