Yadda Ake Bambance Tawadar Allah da Shatar Duka a Jikin Jariri

Yawancin jariranmu baƙar fata ana haihuwarsu da wani tabo shuɗi-shuɗi ko toka-toka, wanda ake kira tawadar Allah, a ƙugu ko ɗuwawu, wani lokaci har kafaɗa. Saboda kamarsa da kwanciyar jini, sai ka ga a gidajen haya na Aboabo ko Asawase a Kumasi an zargi mai raino ko kishiya da abin da ba ta aikata ba. Wannan tabo launin fata ne da ya taru a can ƙasa, ba ya cutarwa, kuma yakan dushe da kansa kafin yaro ya kai shekarun shiga makaranta.

Matakin farko shi ne a duba jikin jariri tun kafin ranar suna, a ɗauki hoton duk tabon da aka gani, sannan a ranar awo a roƙi nas ta rubuta shi a littafin lafiyar uwa da jariri, domin rubutun nan shi zai raba gardama nan gaba.

Idan tabo ya ɗaga hankali, a danna shi a hankali. Tawadar Allah a shafe take, ba kumburi, ba ɗumi, kuma yaro ba ya zabura. Ita kuwa kwanciyar jini tana ciwo, tana canza launi, ta ɓace cikin mako 2 ko kusa da haka, alhali tawadar tana nan yadda take. A baƙar fata launi yakan yi wuyar gani, don haka a duba da rana, a fi dogara da taɓawa.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne shekarun yaro da wurin raunin. Mai tatata yakan buge goshi ko ƙauri, amma jaririn da bai fara rarrafe ba, ina zai samo rauni? Kwanciyar jini a kunne, wuya, ciki ko al'aura, da shatar bulala, wayar wuta, yatsu ko haƙora, duk suna bukatar likita a ranar. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, a tafi asibiti mafi kusa ko babban asibitin Komfo Anokye, domin cutar rashin daskarewar jini ma tana kawo irin wannan, kumburin hannu da ƙafa kuma yana iya zama sikila.

Idan likita ya ga alamar cin zarafi, kada a rufe don kunyar dangi. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta wajabta sanar da Sashen Jin Daɗin Jama'a, ana kuma iya kai maganar ofishin DOVVSU, wato sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida.